Sinadaran Homon da Tazarar Haihuwa: Asalinsu, Aikinsu da Haƙƙin Mai Amfani da Su

1.0 Gabatarwa

Haihuwa babban al'amari ce a wurin Bahaushe, saboda haka duk abin da ya taɓa ta ba ya rasa jayayya. A yau asibitoci da ɗakunan shan magani, a birni da ƙauye, suna ba da ƙwaya da allura da abin nan da mata ke kira ashana domin a sami hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Amma duk da yawan ambaton waɗannan magunguna, kaɗan ne suka san abin da ke cikinsu da yadda suke aiki. Wasu sukan ce suna ƙona mahaifa, wasu su ce suna tara jini a ciki. Wasu kuwa sun ɗauke su tamkar alewa, a saya a kemis a sha ba tare da an tambayi kowa ba. Dukkan ɓangarorin biyu suna cikin hatsari, domin masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana mene ne homon, da yadda aka gano za a iya sarrafa haihuwa da shi, da ire-iren magungunan da aka samu daga gare shi, da amfaninsu da illolinsu. Daga ƙarshe za a nuna cewa ingancin maganin bai isa ba sai an yi wa mai shansa cikakken bayani da harshen da take fahimta.

2.0 Ma'anar Homon

Kalmar homon ba Bahaushiya ba ce. Wani masanin aikin jiki ɗan ƙasar Ingila, Ernest Starling, shi ya fara amfani da ita a shekarar 1905, kuma asalinta daga wata kalmar Girkanci ce mai ma'anar zaburarwa ko tayarwa. Homon wani sinadari ne da wata gaɓa ta jiki ke zubawa cikin jini, jinin ya ɗauke shi ya kai wa wata gaɓar da ke nesa, ita kuma ta aikata wani aiki ko ta daina. Watau dai ɗan aike ne a cikin jiki. Ɗan ƙanƙane daga cikinsa ya isa ya juya al'amura, kamar yadda wasiƙar sarki ba ta buƙatar girma kafin a bi umurninta.

Sinadaran da suka shafi haihuwar mace guda biyar ne ya kamata a riƙe. Biyu suna fitowa daga wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira fituwitari. Ana taƙaita sunayensu da FSH da LH. Biyu kuma daga ma'ajiyar ƙwai suke fitowa, watau istirojin da furojestaron. Na biyar shi ne furolaktin, mai kawo ruwan nono, shi ma daga fituwitari.

2.1 Zagayen wata a jikin mace

Zagayen haila yakan ɗauki kimanin kwana 28, ko da yake daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ce. Da farkon zagayen, FSH yakan umurci ma'ajiyar ƙwai ta fara nunar da ƙwai. Ƙwan da ke nuna yana sa a sami istirojin, shi kuma istirojin ya kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. Idan istirojin ya kai wani matsayi sai LH ya yi tashin gaggawa, ya sa a saki ƙwan. Wannan yakan faru kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa. Ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya da rai, amma ƙwayoyin maniyyi suna iya kai kwana biyar a jikin mace suna jiransa.

Bayan sakin ƙwai sai furojestaron ya karɓi aiki, ya riƙe shimfiɗar mahaifa cikin shirin karɓar ciki. In ciki bai shiga ba, sai ya ragu, shimfiɗar ta zube, shi ne jinin haila. In kuwa ciki ya shiga, furojestaron da istirojin sukan ci gaba da yawa har tsawon wata tara, su sanar da ƙwaƙwalwa cewa a dakatar da FSH da LH. Wannan ne dalilin da ya sa mai ciki ba ta sakin wani ƙwai. A kan wannan ƙa'ida guda ɗaya aka gina dukkan magungunan da za a yi magana a kansu.

3.0 Abin da Hausawa Suka Riga Suka Sani

Tun kafin zuwan likitancin zamani Hausawa sun san muhimmancin tazara tsakanin 'ya'ya, kuma harshensu shaida ne. Akwai kalmomin kwanika da rurrutsa, waɗanda ake faɗa wa matar da ta sami ciki tun ba ta yaye na goye ba, kuma ba kalmomin yabo ba ne. An yi imani cewa nonon mai ciki yakan ɓaci ya cutar da yaro, sai a yi gaggawar yaye shi, sau da yawa kuma ya rame. Saboda gudun haka ne al'ada ta tanadi doguwar shayarwa ta kusan shekara biyu, da zaman mai jego a gidan iyayenta, da nisantar shimfiɗar miji na wani lokaci. Alƙur'ani mai girma ma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa.

Abin lura shi ne, shayarwa ita kanta aikin homon ce. Tsotson jariri yana aika saƙo ga ƙwaƙwalwa, furolaktin ya ƙaru, fitar LH ta raunana, sai sakin ƙwai ya jinkirta. A wani taron masana da aka yi a garin Bellagio na Italiya a 1988 an tsayar da sharuɗɗa uku: jariri bai cika wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo wa uwar ba. Idan ukun suka cika, kariyar takan kai kashi 98 cikin 100. Da zarar ɗaya ya faɗi, to kariyar ta yi rauni. Ke nan ba baƙon abu likitoci suka kawo ba. Abin da suka yi shi ne gano sinadarin da ke yin aikin, sa'an nan suka kwaikwaye shi.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

4.1 Daga zomo zuwa doyar daji

A shekarar 1921 wani masani a garin Innsbruck na Ostiriya, Ludwig Haberlandt, ya ɗauki ma'ajiyar ƙwan zomaye masu ciki ya dasa a jikin waɗanda ba su da ciki. Sai waɗannan suka daina ɗaukar ciki na ɗan lokaci. Ya yi hasashen cewa wata rana za a yi wa mata magani ta wannan hanya, amma ya rasu a 1932 bai ga cikar hasashensa ba. A 1934 aka tace furojestaron zalla, sai dai akwai matsaloli biyu. Na farko, tsada, domin daga jikin dabbobi masu ɗimbin yawa ake samun ɗan kaɗan. Na biyu, idan an haɗiye shi hanta takan lalata mafi yawansa kafin ya yi aiki.

Wani Ba'amurke masanin haɗa sinadarai, Russell Marker, shi ya warware matsalar farko. Ya gano cewa wata doyar daji da ke fitowa a Meksiko tana ɗauke da sinadarin da za a iya juyawa ya zama furojestaron da araha, har aka kafa kamfanin Syntex a 1944 domin wannan aiki. A ɗakin binciken wannan kamfani ne, ranar 15 ga Oktoba 1951, wani matashin ɗalibi ɗan Meksiko, Luis Miramontes, ƙarƙashin jagorancin Carl Djerassi da George Rosenkranz, ya haɗa sinadarin norethisterone, mai aikin furojestaron wanda kuma ake iya haɗiya. A 1952 Frank Colton na kamfanin Searle a Amurka ya haɗa makamancinsa.

4.2 Gwajin Puerto Rico

Mata biyu ne suka tura aikin gaba a Amurka: Margaret Sanger, mai fafutukar tsarin iyali, da Katharine McCormick, attajirar da ta zuba kuɗinta. Su suka ɗora wa masani Gregory Pincus nauyin binciken. Abokin aikinsa Min Chueh Chang ya yi gwaji a kan dabbobi, likitan mata John Rock kuma ya fara gwadawa a kan mata kaɗan a jihar Massachusetts. Da yake dokar jihar ta haramta magungunan hana ɗaukar ciki a lokacin, sai aka kai babban gwajin tsibirin Puerto Rico a 1956, a unguwar talakawa ta Rio Piedras.

Maganin ya hana ciki kamar yadda aka zata. Amma likitar da ke kula da gwajin, Edris Rice-Wray, ta ba da rahoton cewa kimanin kashi 17 cikin 100 na matan sun koka da tashin zuciya da jiri da ciwon kai, kuma ba a ɗauki kukan nasu da muhimmanci ba. An gaya musu cewa ƙwayar tana hana ciki, ba a gaya musu cewa gwaji ake yi da su ba. Mata uku sun rasu a lokacin gwajin, ba a kuwa binciki gawarwakinsu don a san ko maganin na da hannu ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar, mai suna Enovid, a 1957 domin matsalolin haila, sa'an nan a 1960 domin hana ɗaukar ciki.

4.3 Rage ƙarfin magani

Ƙwayar farko tana ɗauke da kusan miligiram 10 na mai aikin furojestaron da maikirogiram 150 na mai aikin istirojin, abin da ya zarce buƙata nesa ba kusa ba. Tun daga 1961 likitoci a Ingila suka fara ba da labarin daskarewar jini a jijiyoyin masu shanta. A 1969 'yar jarida Barbara Seaman ta wallafa littafi a kan illolin ƙwayar, a 1970 kuma Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi. Wasu mata suka tashi a zauren suna tambayar dalilin da ya sa ba a kira ko mace ɗaya mai shan maganin ta ba da shaida ba. Sakamakon haka aka wajabta sanya takardar bayani ga mai sha a cikin kowane kwali, aka kuma ci gaba da rage ƙarfin maganin. Yawancin ƙwayoyin yau suna ɗauke da maikirogiram 20 zuwa 35 ne kawai na istirojin.

5.0 Ire-iren Magungunan da Yadda Suke Aiki

Hanyoyi uku ne waɗannan magunguna ke bi. Suna hana sakin ƙwai ta hanyar nuna wa ƙwaƙwalwa alama irin ta mai ciki. Suna kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai ratsa ba. Suna kuma rage kaurin shimfiɗar mahaifa. Ga manya daga cikinsu:

(a) Ƙwaya mai haɗi biyu. Tana ɗauke da istirojin da mai aikin furojestaron. Akan sha kwana 21, a huta kwana 7 ko a sha ƙwayoyin da babu homon a cikinsu. Jinin da ke zuwa a makon hutu janyewar maganin ce ke kawo shi.

(b) Ƙwaya mai sinadari ɗaya. Babu istirojin a cikinta, don haka ta dace da mai shayarwa. Sharaɗinta shi ne a sha a lokaci guda kullum. Tsohon nau'inta ba ya jure jinkirin da ya wuce awa uku.

(c) Allura. Akwai ta wata uku, Depo-Provera, da ta wata biyu, Noristerat. Akwai kuma Sayana Press, wadda ake yi a ƙarƙashin fata, mace na iya koyon yi wa kanta. Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashe huɗu na Afirka da aka fara gabatar da ita a 2014, tare da Burkina Faso da Senegal da Uganda.

(d) Ashana. 'Yan sanduna ne masu laushi da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse. Na farko, Norplant, mai sanda shida, an fara amincewa da shi a Finlan a 1983. Jadelle mai sanda biyu yana kai shekara biyar, Implanon mai sanda ɗaya kuma an tsara shi domin shekara uku.

(e) Robar mahaifa mai homon, wadda ke sakin sinadarin kaɗan-kaɗan a cikin mahaifa har shekara biyar ko fiye. Dabam take da mai jan ƙarfe, wadda babu homon a cikinta.

(f) Ƙwayar gaggawa. Akan sha cikin awa 72 bayan saduwa. Aikinta jinkirta sakin ƙwai ne, ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna, kuma ba a yi ta domin amfanin yau da kullum ba.

Dangane da inganci, idan ma'aurata 100 suka shekara ba su ɗauki wani mataki ba, kimanin mata 85 za su sami ciki. Da ƙwaya, in an sha daidai, ba a kai mace ɗaya ba. Amma saboda mantuwa irin ta ɗan Adam adadin yakan kai kimanin 7. Da allura kimanin 4 ne, da ashana kuwa kimanin ɗaya cikin 1,000. Bambancin yana nuna cewa mantuwa ce babbar ƙofar kuskure.

Ya kamata a ƙara da cewa wannan ilimi yana amfanar mai neman haihuwa ma, domin likitoci sukan yi wa matar da ba ta sakin ƙwai allurar FSH don a zaburar da ma'ajiyar ƙwanta. Ta fuskar maza kuwa, an yi gwaje-gwaje da dama. Wani da aka wallafa sakamakonsa a 2016, wanda ya ƙunshi maza 320, ya nuna allurar tana aiki, amma an dakatar da shi kafin lokaci saboda illoli, musamman sauyin yanayin rai.

6.0 Amfani da Illa

Amfani na farko shi ne hutun uwa da lafiyar ɗa. Bayan wani taron masana a 2005, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, abin da ya yi daidai da tsohuwar al'adar shayarwa. Bugu da ƙari, ƙwaya mai haɗi biyu tana rage ciwon mara da yawan zubar jini, tana kuma rage hatsarin ciwon dajin ma'ajiyar ƙwai da na shimfiɗar mahaifa.

Illolin kuwa ba abin ɓoyewa ba ne. Mafi tsanani ita ce daskarewar jini a jijiya, wadda ta fi alaƙa da istirojin. Ƙididdigar hukumar magunguna ta Turai ta nuna cewa cikin mata 10,000 da ba su shan komai, kimanin 2 ne ke gamuwa da ita a shekara. Cikin masu shan ƙwaya mai haɗi biyu kuwa daga 5 zuwa 12 ne, gwargwadon nau'in ƙwayar. Saboda haka ba a ba da ita ga mai hawan jini mai tsanani, ko wadda ta taɓa samun daskarewar jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da rikicewar gani, ko mai shan taba da ta kai shekara 35, ko mai ɗanyen jego. Akwai kuma ɗan ƙarin hatsarin ciwon dajin nono a lokacin da ake shanta. Wasu magunguna, kamar rifampicin na tarin fuka da wasu na farfaɗiya, suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Daɗin daɗawa, babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ke kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Abin da ya fi damun mata a zahiri shi ne rikicewar haila. Allura da ashana sukan kawo ɗigon jini na kwanaki, ko ɗaukewar haila ɗungum. Ɗaukewar ba tarin jini ba ce a ciki. Shimfiɗar mahaifa ce ba ta kaurara ba, don haka babu abin da zai zube. Ɗigon jinin kuwa, ga mace Musulma, ya shafi salla da azumi da zaman aure, kuma matar da ba a faɗa mata tun farko ba tana iya tsorata ta watsar da maganin. Haka nan batun dawowar haihuwa. Bayan barin ƙwaya ko cire ashana haihuwa takan dawo nan da nan, amma bayan allurar wata uku jiran yakan kai kimanin wata goma daga allurar ƙarshe, wani lokaci fiye. Wannan jinkiri ne, ba rashin haihuwa ba, sai dai ga matar da dangin miji suka zuba wa ido wata goma ba ƙaramin lokaci ba ne.

7.0 Matsayin Harshe

A nan ne al'amarin ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta fito da manufarta ta yawan jama'a a 1988, wadda ta ƙarfafa 'ya'ya huɗu ga kowace mace, kalmar da ta yi yawo ita ce ƙayyade iyali. Ƙayyadewa a kunnen Bahaushe tana nufin yanke iyaka ga kyautar Allah, don haka da yawa suka juya baya. Daga baya ma'aikatan lafiya suka koma ga tazarar haihuwa, wadda ta yi daidai da abin da kakanni suka sani. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin zamani, kuma adadin ya fi ƙanƙanta a jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas.

Sauya suna kaɗai bai wadatar ba, kuma kalma mai daɗi tana iya zama mayafin ɓoye gaskiya. Takardar bayanin da matan Amurka suka yi gwagwarmaya a kanta a 1970 tana zuwa ƙasar Hausa ne galibi da Turanci ko Faransanci, da ƙananan haruffa. Matar da ba ta karanta waɗannan harsuna ba ta dogara ne ga abin da ma'aikaciyar asibiti ko mai kemis ya faɗa mata. Idan babu tsayayyun kalmomin Hausa na ma'ajiyar ƙwai da sakin ƙwai da daskarewar jini, bayanin zai taƙaita ga "sha ɗaya kullum". Wadda aka sallama da wannan kaɗai ba ta yi nisa da matan Rio Piedras ba, domin ita ma ta karɓi abin da ba a bayyana mata ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa magungunan homon suna kwaikwayon saƙon da jikin mace ke aikawa a lokacin ciki, kuma shayarwar da Hausawa suka daɗe suna dogara da ita ta wannan fanni take. An ga kuma cewa suna da amfani tabbatacce da illa sananniya, kuma wanda ya dace da wata bai dace da wata ba. Shawarar amfani da su ko barinsu ta ma'aurata ce, bisa lafiyarsu da imaninsu, bayan an auna jinin matar an kuma saurari tarihin lafiyarta. Abin da ya rage ga sassan nazarin Hausa shi ne su haɗa kai da likitoci da ungozomomi, a tattara kalmomin da mata ke amfani da su a asibiti da cikin gida, a daidaita su, a fassara takardun magani da Hausa mai sauƙi a boko da ajami, domin kowace mace ta san abin da za ta tambaya kafin ta miƙa hannunta.